Adana Sanyi a Ƙasar Rana: Firij Mai Batir da Ƙa'idojin Kula da Shi a Masarautar Daura

Firij mai batir na'ura ce da ke sanyaya abinci ko magani da wutar da aka tara a cikin batir, ba tare da jiran layin lantarki na ƙasa ko tayar da janareta ba, kuma a 'yan shekarun nan ya fara samun gindin zama a shaguna da cibiyoyin lafiya da wasu gidaje na masarautar Daura, bayan ya daɗe yana hidima ga mutanen da ke shafe makonni a cikin ƙananan jiragen ruwa a tekunan duniya. Mai jirgi a tsakiyar teku da ma'aikacin lafiya a ƙauyen Baure ko Zango suna fuskantar matsala iri ɗaya, domin kowannensu yana da abin da zafi zai lalata, kuma wutar da yake da ita ita ce kawai wadda ya iya tarawa da rana. Wannan yanayi ya koya wa masu jirgi cewa sayen firij shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin, yayin da riƙe shi a raye yake buƙatar lissafi da kulawar kowace safiya, kuma wannan darasi ne ya kamata ya isa kunnen duk wanda ke shirin kashe kuɗinsa a kan na'urar a ƙasar Daura.

Ƙasar da zafinta

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, kuma tana kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, a yankin da damina ke da gajarta, rani kuma ke da tsawo. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin tsakar rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan rufe sararin sama da hazo, ta shigar da ƙura cikin kowace kafa ta ɗaki. Wutar lantarkin yankin tana zuwa ne ta hannun kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan da aka miƙa harkar rarrabawa ga 'yan kasuwa a 2013, sai dai ƙauyuka da yawa ba su kan layin, waɗanda ke kansa kuma sun saba da ɗaukewa.

Abubuwa biyu sun ƙara tura mutane zuwa ga wutar sola da batir. Na farko shi ne janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya sa tayar da janareta na tsawon yini ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Na biyu shi ne duhun watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar jihohi da dama, har da Katsina, fiye da mako guda ba lantarki. Ban da wannan, azumin Ramadan na shekarun 2021 zuwa 2025 ya faɗo a tsakanin Maris da Mayu, a tsakiyar zafi, har ƙanƙara ta zama hajar da ake bin layi a kanta kafin shan ruwa. Masu sayar da fura da nono da zoɓo da kunun aya, da mahauta, da masu ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin a gida, da ungozomomin asibiti da ke buƙatar maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, dukansu suna da ruwa da tsaki a wannan batu.

Daga randa zuwa kwamfiresa

Neman sanyi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin randar ƙasa da tulu sun daɗe suna sanyaya ruwan sha ta hanyar da masana ke kira sanyin tururi, wato ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa a iska, yana tafiya da zafin abin da ke ciki. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha a jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakanin tukwane biyu, a rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle, dabarar da ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar tana tsawaita kwanakin tumatir da gauta da alayyafo, musamman a busasshiyar iskar rani, amma ba ta iya saukar da sanyi zuwa matakin da allurar rigakafi ko ɗanyen nama ke buƙata.

Ɗaya daga cikin na'urorin farko da suka kai sanyi na haƙiƙa zuwa wuraren da babu lantarki ita ce firij mai kananzir, wanda ya samo asali daga ƙirƙirar wasu ɗalibai biyu na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, a 1922. Wannan firij yana amfani da harshen wuta wajen zagaya sinadarin sanyi a cikin bututu, kuma ya yi hidima a asibitocin karkara na Afirka shekaru masu yawa, sai dai yana buƙatar kananzir mai tsabta da gyaran lagwani a kai a kai, da kuma zama a daidaitaccen wuri, domin ko ɗan karkacewa yana hana sinadarin gudana. Wannan rauni na ƙarshe ya sa bai dace da jirgin da igiyar ruwa ke kaɗawa ba, ya kuma sa masana'antu suka koma ƙera ƙananan kwamfiresoci masu aiki kai tsaye da wutar batir. Kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak ya shahara da irinsu, waɗanda a yanzu ake ƙerawa da sunan Secop, kuma su ne ake samu a cikin firij ɗin jiragen ruwa da na manyan motoci da na allurar rigakafi.

Kwamfiresa ita ce zuciyar firij, aikinta kuwa shi ne matse iskar gas da ke zagayawa a cikin bututu. Gas ɗin yana tsotse zafi daga cikin akwatin, kwamfiresa ta tura shi zuwa ragar bututu da ke bayan firij ko gefensa, inda yake sakin zafin a cikin iskar ɗaki, sannan ya sake komawa ciki. Fahimtar wannan tana da muhimmanci, domin tana nuna cewa firij yana kwashe zafi ne daga ciki yana zubarwa a waje, kuma gwargwadon zafin wajen, gwargwadon wahalar da kwamfiresa za ta sha da yawan wutar da za ta ci. Wasu jiragen ruwa suna da gatan zubar da zafin a cikin ruwan teku ta wani ƙarfe da ke manne a ƙasan jirgin, gatan da mazaunin Sandamu ba shi da shi, sai dai ya nemi inuwa da iska.

Lissafin da ake yi kafin a sayi komai

Masu jiragen ruwa sun san cewa firij shi ne yawanci ya fi kowace na'ura cin wutar batir, tunda fitila da rediyo ana kashe su, shi kuwa yana aiki dare da rana, don haka ba sa ɗaura shi sai sun yi lissafi. Kalmomi uku ake buƙata a wannan lissafi. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta, kuma yawancin baturan gida bolt 12 ne. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya. Amfiya-awa kuwa, wadda ake rubuta wa Ah a jikin batir, ita ce ma'aunin abin da batir ke iya ɗauka, kamar yadda ake auna buhu da yawan kwanon da yake ci.

A matsayin misali, ƙaramin firij mai cin lita 50 yana iya jan kimanin amfiya 4 a lokacin da kwamfiresarsa ke juyawa, kuma idan a zafin bazara tana juyawa rabin yini da dare, wato awa 12 cikin 24, to abin da firij ɗin ya ci a rana shi ne amfiya-awa 48. Wanda ya ga an rubuta 100 a jikin batirinsa zai ɗauka yana da wutar kwana biyu, alhali batirin dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saboda haka abin da ke hannunsa 50 ne kacal, wanda da ƙyar zai kai shi kwana guda. Idan ana son firij ya tsallake kwana biyu na hadari ko hazo mai kauri, dole a ninka batirin zuwa amfiya-awa 200. Ta ɓangaren farantin sola kuma, amfiya-awa 48 a bolt 12 ta kama kusan wat-awa 580, kuma da yake yankin yana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a yawancin kwanakin shekara, faranti mai wat 200 zai biya wannan buƙata har da rarar da za ta cike asarar waya da ta caji.

Akwai hanyoyi biyu na haɗa firij da batir. Ta farko ita ce a sayi firij mai aiki da wutar batir kai tsaye. Ta biyu, wadda ta fi yawa a kasuwa, ita ce a haɗa firij ɗin gida da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta koma irin ta layi. Hanya ta biyu ta fi araha a ranar saye, sai dai inbata tana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wutar a wajen juyawa, tana kuma ci ko da kwamfiresa ta tsaya, sannan firij ɗin gida yana fizgar wuta mai ninki da yawa a daidai lokacin tashinsa, abin da ke kashe ƙananan inbatoci. Haka kuma ya kamata mai saye ya duba takardar da ke manne a bayan firij, inda ake rubuta rukunin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Harafin N yana nufin ya dace da zafin ɗaki har digiri 32, ST har 38, T kuwa har 43, kuma da yawa daga cikin firij na hannu da ake shigowa da su daga Turai suna rukunin farko ne, shi ya sa sukan kasa a watan Afrilu. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Batir, inda gizo ke saƙa

A duk wannan haɗi, batir shi ne ke fara mutuwa. Batirin dalma, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, faranta ne na dalma da ke nutse a cikin ruwan asid, kuma iri biyu ne da bai kamata a rikita su ba. Batirin mota yana da siraran faranta da aka yi don su ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, saboda haka idan aka ɗora masa firij yana zuƙe shi kowane dare, cikin 'yan watanni zai lalace. Batirin sola, kamar dogon nan da ake kira tubula, yana da faranta masu kauri da ke jure zuƙa da caji sau ɗaruruwa.

Abokan gabar batirin dalma uku ne. Na farko zafi, domin ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage tsawon rayuwarsa da rabi, wanda ke nufin batirin da aka ajiye a ɗakin kwano mara rufi a Mai'aduwa ba zai kai shekarun da aka rubuta a takardarsa ba. Na biyu shi ne barinsa ba caji, domin a lokacin wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan, ya toshe su, har batirin ya daina karɓar wuta. Na uku shi ne ƙishirwa, tunda ruwan batir yana raguwa da caji, kuma da zarar saman farantan ya fito fili ya bushe, wannan ɓangare ya tafi ke nan.

Duba batir aiki ne na 'yan mintuna. Mai kula da shi yakan buɗe murafun sau ɗaya a wata, ko fiye da haka a bazara, ya leƙa da tocila ya tabbatar ruwa ya rufe farantan, idan ya ragu ya ƙara tataccen ruwa da ake sayarwa don wannan aiki, ba ruwan rijiya ko na leda ba, ba kuma asid ba, domin ruwan ne kaɗai ke tashi, asid ɗin yana nan. Daga nan ya goge farin gari ko koren tsatsa da ke taruwa a kan kawunan batirin, ya ɗaure notuna, ya shafa ɗan man giris. Da asuba, kafin rana ta taɓa faranti, ya ɗora mita ya karanta. Idan ta nuna wajen bolt 12.6 ko 12.7, batirin a cike yake, idan ta sauka wajen 12.1 ko 12.2 an kai rabi, kuma idan kullum ana wayar gari a ƙasa da haka, to firij ya fi ƙarfin batirin ko kuma farantin sola ba ya cika shi. Batirin da ke caji yana fitar da iskar hadirojin mai kama wuta, don haka ba a ajiye shi a rufaffen akwati, ba a kuma kusantarsa da ashana ko taba.

Batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ya yawaita a kasuwannin Kano a 'yan shekarun nan, ya magance yawancin waɗannan matsaloli, domin ba ya shan ruwa, ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 na abin da ya ɗauka, kuma yana jure caji sau dubbai. Tsadarsa ita ce cikas, sannan lafiyarsa ta dogara ga wani ƙaramin allon lantarki da ke cikinsa mai hana shi wuce iyaka a caji ko a zuƙa, wanda idan na jabu ne, kuɗin ya faɗa rijiya.

Darasin allurar rigakafi

Babu fagen da ya gwada firij mai batir kamar na rigakafin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi a 1974, kuma tun daga lokacin aka gane cewa nasararsa ta rataya ne a kan abin da ake kira sarƙar sanyi, wato tabbatar da cewa allura ba ta fita daga sanyi ba tun daga masana'anta har zuwa damtsen yaro. A matakin cibiyar lafiya, ana ajiye allurai tsakanin digiri 2 da 8. A Najeriya, Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ita ke jagorantar aikin tare da hukumomin jihohi da asusun UNICEF da ƙawancen Gavi. Da wannan sarƙa, tare da goyon bayan sarakunan gargajiya na Arewa, aka yaƙi cutar shan inna har aka ga ƙarshen nau'inta na daji a Borno a 2016, aka kuma ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shi a ranar 25 ga Agustan 2020.

Firij ɗin sola na farko da aka kai asibitocin karkara masu batir ne, kuma abin da aka gani a ƙasashe da dama shi ne batirin yana mutuwa cikin shekara uku zuwa biyar, ko ƙasa da haka, yayin da firij ɗin kansa yake da sauran rai, sai na'urar ta koma kabad ɗin ajiye takardu saboda babu kasafin sayen sabon batir. Daga wajen 2010 aka fara amincewa da wani sabon nau'i mai ɗaukar wuta kai tsaye daga farantin sola, wanda ya maye gurbin batir da ƙanƙara. Da rana kwamfiresa tana daskarar da ruwan da ke cikin bangon akwatin, da dare kuma ƙanƙarar tana riƙe sanyin, har na kwana uku ko fiye idan hadari ya rufe rana. Sirrin yana cikin ɗabi'ar ruwa, domin zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke sha kafin ya narke ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri sifiri zuwa kusan 80. Irin wannan firij ne ake girkawa yanzu a cibiyoyin lafiya na mazaɓu a jihohin Arewa, har da Katsina.

Duk da haka na'urar ba ta sauke wa ma'aikaci nauyinsa ba. Jami'in rigakafi yakan karanta ma'aunin zafi sau biyu a rana, safe da yamma, har ranakun hutu, ya rubuta a jadawalin da ke manne a jikin firij. Yakan ɗauki kwalba ya dubi ɗan tambarin da ke jikinta, wani ƙaramin murabba'i mai haske a tsakiyar da'ira mai duhu, wanda aka fara sa wa allurar shan inna a 1996, kuma idan murabba'in ya yi duhu daidai da da'irar ko ya fi ta, zafi ya cinye maganin, ba a ba yaro shi. Sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne, domin allurar fenta mai kariya daga cututtuka biyar, da ta ciwon hanta, da ta sarƙewar haƙora, suna mutuwa idan suka daskare. Idan ana zargin haka, sai a daskarar da wata kwalba irinta da gangan, a narkar da ita, a girgiza su biyun tare, a ajiye su gefe da gefe, idan wadda ake zargi ta kwanta da sauri kamar wadda aka daskarar, to ta lalace. Saboda wannan ne ake barin ledojin ƙanƙara su ɗan saki, har a ji motsin ruwa a cikinsu, kafin a jera su a akwatin fita ƙauye.

Kulawar yau da kullum

Ƙa'idojin da suka rage masu sauƙi ne, amma su ne ke raba firij mai shekara goma da mai shekara biyu. Farantin sola a ƙasar Daura, wadda ke kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, ana fuskantar da shi kudu da ɗan karkata kaɗan, nesa da inuwar darbejiya ko tankin ruwa, domin inuwar reshe ɗaya tana iya rage wutar faranti gaba ɗaya. A lokacin hunturu ana wanke shi da ruwa da tattausan ƙyalle aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi. A tsakanin faranti da batir dole a sa kwanturola, na'urar da ke tsayar da caji idan batir ya cika. Waya kuma ta kasance mai kauri kuma gajera, tunda a bolt 12 siririyar waya mai tsawo tana zubar da ƙarfin wuta a hanya, har firij ya riƙa kashe kansa alhali batir yana da caji, kuma a sa fis kusa da batirin don gudun gobara.

Firij ɗin kansa yana son ɗaki mafi sanyi a gidan, da tazarar aƙalla tafin hannu tsakaninsa da bango, kuma ragar da ke bayansa tana buƙatar sharewa da buroshi duk wata, domin ƙurar da ta lulluɓe ta kamar bargo ce. Robar bakin ƙofa ana gwada ta da takardar kuɗi, a rufe ƙofa a kanta, idan ta zaro ba tare da turjiya ba, sanyi yana tsiyaya ta nan. Firij mai buɗewa ta sama ya fi mai ƙofar gaba tattali, saboda iska mai sanyi ta fi nauyi, tana zubewa ƙasa da zarar an buɗe ƙofar gaba, shi ya sa masu jiragen ruwa da masu rigakafi suka fi zaɓarsa. Ba a sa abinci mai zafi sai ya huce, ba a barin ƙanƙarar bango ta yi kauri, ba a kuma ɓamɓare ta da wuƙa, domin huda bututu ɗaya yana fitar da gas, gas ɗin da yawancin sababbin firij ke amfani da shi kuwa mai kama wuta ne.

'Yan kasuwa da masunta

Mai shago da ke sayar da ruwan sanyi zai iya aron dabarar firij ɗin rigakafi ba tare da ƙarin kuɗi ba, ta hanyar jera robobin ruwa a ƙasan firiza, ya bar su su daskare tsakanin hantsi da la'asar lokacin da faranti ke ba da wuta fiye da buƙata, sannan da dare ya rage aikin kwamfiresa, ƙanƙarar ta ɗauki nauyin, batirin kuma ya huta. Abinci irin su nono da dafaffen nama suna buƙatar digiri 5 ko ƙasa da haka, abin da za a daɗe ana ajiye shi a daskare kuwa yana buƙatar digiri 18 ƙasa da sifiri, wanda ke cin wuta mai yawa, don haka bai kamata mai son sanyaya zoɓo kawai ya murɗa ma'auni zuwa ƙarshe ba.

A madatsun ruwa na kewayen yankin, irin su Sabke da Daberam, masunta suna fita da ƙananan kwale-kwale, kuma kifin da suka kama yana fara lalacewa cikin 'yan awoyi a zafin rana, abin da ke tilasta musu sayarwa a kowane farashi ko yin banda. Ɗora firij da batirin dalma mai nauyi a cikin irin wannan kwale-kwale ba dabara ba ce, ga haɗarin ruwa ya taɓa waya. Abin da ya fi dacewa shi ne firiza mai sola a bakin ruwa, mallakar ƙungiyar masunta, tana yin ƙanƙara, kowa ya ɗiba a cikin kula mai murfi, yana jera kifi da dakakkiyar ƙanƙara hawa-hawa, kusan kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi.

Masu gyara da makomar tsohon batir

Na'ura ba ta daɗewa a inda babu mai gyaranta, kuma yawancin masu gyaran firij da ke garuruwa sun koyi sana'ar ne a kan firij ɗin layi, ba su saba da allon lantarkin kwamfiresar batir ba. Daura tana da kwalejin fasaha ta tarayya da makarantar koyon fasahar kiwon lafiya, kuma gajerun kwasa-kwasai kan girka sola da gyaran na'urorin sanyi za su samar wa matasa sana'a, su kuma hana firij ɗin asibiti zama wata da watanni yana jiran injiniya daga Katsina ko Kano. Haka nan duk hukuma ko mai taimako da zai ba wa wata al'umma firij, ya kamata ya bayyana tun farko wanda zai wanke faranti da wanda zai biya kuɗin batir na gaba.

Mataccen batir ma yana da nasa haƙƙi, domin dalma guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma Arewa ta ga illarta a jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Ba a fasa batir a tsakar gida, ba a zubar da ruwansa kusa da rijiya, ba a narka dalmarsa a murhun girki, sai dai a mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho.

Tsohuwar rijiyar Kusugu da ke Daura ta kai ga wannan zamani ne saboda kowane ƙarni ya samu masu share ta da kiyaye bakinta, kuma haka lamarin yake ga firij ɗin da aka girka a cibiyar lafiya ta ƙauye ko a shagon bakin kasuwa. Ranar da yankin ke kuka da zafinta ta isa ta sanyaya allurar kowane jariri da nonon kowace mai talla a masarautar, matuƙar an yi lissafi kafin saye, an kuma samu wanda zai tashi da asuba ya goge faranti, ya leƙa batir, ya rubuta abin da ma'auni ya nuna.